Lyman, Hornady ko Lee: Wane Littafi Mai Fara Ɗura Harsashi Zai Saya?

Ɗan'uwa, ka ce kana zaune a Amurka, ka samu lasisin farauta, kana so ka riƙa sake ɗura kwanson harsashinka na .308 Winchester (na doguwar bindiga) da .38 Special (na libarba) maimakon sayen sababbi, kuma kuɗinka na littafi ɗaya ne ko biyu. Ka tambaya wanne ya fi tsakanin littattafan awon albarushi na kamfanonin Lyman da Hornady da Lee. Amsar a taƙaice: ka fara da Lyman, sannan ka sayi littafin kamfanin da ya ƙera kan harsashin (wato ɓangaren da ke fita idan an harba) da za ka yi aiki da shi. Lee ya zo na uku.

Kafin komai, maganar doka. A Amurka dokar tarayya ta yarda mutum ya ɗura wa kansa, amma sayarwa sai da lasisi. Wanda yake kan bizar ziyara ko ta karatu an hana shi riƙe harsashi, har da kayan haɗa shi, sai in ya faɗa cikin waɗanda aka togace, kamar mai lasisin farauta. Jihohi kuma kowace da nata ƙarin. 'Yan'uwa da ke karantawa daga Najeriya su sani cewa dokar makamai ta 1959 ta hana mutum ƙera harsashi ba da izinin hukuma ba, don haka wannan magana ba ta gida ba ce.

Abin da ya raba littattafan nan shi ne wa ya rubuta, kuma me yake sayarwa. Hornady da Sierra da Nosler da Speer masu ƙera kan harsashi ne. Kowannensu yana gwada nasa kan ne kaɗai, da albarushi iri-iri. Hodgdon da Alliant da Vihtavuori masu albarushi ne, su kuma suna gwada albarushinsu da kawuna na kamfanoni daban-daban. Lyman kayan aikin ɗuri yake sayarwa, shi ya sa yake haɗa na kowa.

Littafin Lyman ya wuce bugu na 50. Sashen farkonsa darasi ne tsantsa: yadda ake duba kwanso ko ya tsage, yadda ake matse shi ya koma girmansa, yadda ake datse bakinsa idan ya yi tsawo, da sanya firaima, wato ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso. A jadawalinsa za ka ga awon farawa da awon ƙarshe, da gudun harsashi, kuma a wurare da yawa har da matsin da aka auna a cikin bututun gwaji. Wannan layi na matsi shi ne darajar littafin, domin yana nuna maka kusancin awon ƙarshe da iyaka. Iyakar da SAAMI, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin harsashi a Amurka, ta sa wa .308 ita ce PSI 62,000 (PSI ma'aunin matsi ne, fam a kan kowane murabba'in inci), ta .38 Special kuwa 17,000 kacal. Sannan Lyman ya fi kowa bayani a kan kawunan dalma na zubi, waɗanda masu .38 suka fi amfani da su saboda arha. Rauninsa shi ne a kowane nauyi kai ɗaya ya gwada. Idan naka na wani kamfani ne, nauyi ɗaya amma siffa daban, ba lallai lissafin ya hau daidai ba.

Hornady, na jihar Nebraska, ya fitar da bugu na 11 a 2021. Tsarinsa daban ne. Ya jera gudu a sama, yawanci da tazarar ƙafa 100 a daƙiƙa ga dogayen bindigogi, a ƙarƙashin kowane gudu kuma ya rubuta awon kowane albarushi. Da kallo ɗaya za ka gane wane albarushi ne yake kai gudun da kake so, wanne ne yake tsayawa a hanya. Yana haɗa kawunansa masu nauyi ɗaya a jadawali guda, kowanne da nasa tsawon harsashi bayan an dasa shi. Matsi dai ba ya nunawa. Idan kawunan Hornady ne a shagon da ke kusa da kai, wannan ne littafinka na biyu. Idan na Sierra ne, sai na Sierra, wanda yake nuna haɗin da ya fi saiti da wanda ya fi dacewa da farauta. Nosler yana ƙara abu mai amfani, wato kashi nawa cikin ɗari na kwanso albarushin ya cika.

Lee kuwa ya fi su yawan jadawali, ya kuma fi su arha, amma akasarin alkalumansa tattaro su aka yi daga kamfanonin albarushi. Sau da yawa za ka ga nauyin kai kawai da nau'insa, ba sunan kamfani, ba tsawon bututun gwaji. Ga ƙwararre da ke neman wani tsohon harsashi da ba a cika samu ba, yana da rana. Ga mai farawa, rashin waɗannan bayanai gibi ne. Yana kuma ba da awo da cokulan ɗiba na kamfanin, amma kada cokali ya maye maka sikeli. Albarushi da nauyi ake auna shi, da giren: giren 7,000 ne a fam ɗaya, giram ɗaya kuwa giren 15.43 ne. Littafin Vihtavuori na Finlan yana rubuta giram da giren gefe da gefe, kuma wanda ya karanta layin da ba shi ba ya shiga uku.

Abin da zai fara ɗaure maka kai shi ne ka buɗe littattafai biyu, harsashi ɗaya, albarushi ɗaya, nauyin kai ɗaya, ka ga awon ƙarshe ya bambanta. Ba ƙarya wani ya yi ba. Kwanson wani kamfani ya fi kauri, cikinsa ya fi ƙunci, sai matsi ya tashi. Kwanson soja na 7.62 yakan zama haka idan aka gwada shi da na .308 na kasuwa. Firaima ta bambanta. Faɗin jikin kai da ke gogar bututu ya bambanta. Kan jan ƙarfe zalla, irin na Barnes, ya fi mai dalma a ciki tsawo a nauyi ɗaya, yana cin wurin albarushi, don haka jadawalinsa daban ne. Dasa kai ya nutse fiye da yadda aka rubuta ma yana ɗaga matsi, musamman a ƙaramin kwanso. Saboda haka ka karanta akwatin da ke saman jadawali kafin alkaluma: wane kwanso, wace firaima, wane bututu. Idan sun saɓa, ka bi wanda ya gwada ainihin kan da ke hannunka, ka fara daga awon farawa, ka hau kaɗan-kaɗan kana duba kwanso. Sakatar bindiga (bolt) mai wuyar buɗewa, ko firaima da ta baje, ko tabo mai sheƙi a gindin kwanso, duk alamun tsayawa ne, kuma sau da yawa kafin su bayyana an riga an wuce iyaka.

Ka haɗa da na masu albarushi, tunda kyauta ne. Hodgdon yana da rumbun bayanai a intanet na albarushin Hodgdon da IMR da Winchester, kuma tun 2020 Accurate da Ramshot sun koma hannunsa. A nan ka kula da suna: H4350 da IMR 4350 da Accurate 4350 albarushi uku ne, ba ɗaya ba. Alliant awon ƙarshe kaɗai yake bugawa, ya ce a rage kashi 10 cikin ɗari a fara. Wannan ƙa'ida ba ta kowane albarushi ba ce, domin akwai irin H110 da aka yi gargaɗin kada a rage shi da yawa.

Tsohon littafi na gwanjo yana da daɗin karatu, amma kada ka ɗura da shi. Yawancinsu da wani tsohon ma'auni mai suna CUP aka auna matsi, kuma babu lissafi tabbatacce na mayar da CUP zuwa PSI. Bayanai ma suna canzawa: a 2008 Alliant ya yi gargaɗin a daina amfani da albarushinsa Blue Dot a .41 Magnum da kuma .357 Magnum mai kan giren 125, alhali tsofaffin littattafai na ɗauke da su.

A .38 Special ɗinka, haɗarin ya fi yawa a hannu fiye da littafi. Kwanson dogo ne, albarushin kaɗan, har ɗiba biyu za su shiga ba tare da ya zube ba, kuma hakan na fasa libarba. Ka jera kwanson a faranti, ka haska tocila ka leƙa kowanne kafin ka dasa kai. Idan kuma ka harba ka ji ƙarar ta yi rauni, ka tsaya ka duba bututu, wataƙila kan ya maƙale a ciki.