Atikuleta da bakan fuska: jikin na'ura lafiya, gaɓar cokali ce ta ba ni kunya

Atikuleta na'ura ce da ake ɗora samfurin haƙoran sama da na ƙasa a kanta don ta kwaikwayi motsin muƙamuƙi. Wadda muke aiki da ita a nan Gusau irin wadda ake daidaita gaɓarta ce, samfurin arkon, wato ƙwallayen suna ƙasa, kwarin da suke gudu a ciki yana sama, yadda muƙamuƙin mutum yake. Tare da bakan fuska mai shiga kunne aka sayar mana, wato abin da ake ɗauko matsayin haƙoran sama daga fuskar mara lafiya da shi a kai kan na'urar. Jikinta babu abin kushewa. Makullin tsakiya mai tsayar da ƙwallayen yana kamawa gam, sandar gaba mai riƙe tazarar sama da ƙasa tana komawa sifiri. In ba a ɗauki cizon turo haɓa gaba ba, a sa gangaren kwarin digiri 30, kusurwar Bennett, wato ta motsin muƙamuƙi gefe, 15, aiki ya tafi.

Bakan ne ya ɓata min rai, kuma a kan aikin da domin irinsa aka saye shi. Mara lafiya ne mai karkatacciyar haɓa, ana shirya masa wayar gyaran jeren haƙori kafin a tura shi tiyatar muƙamuƙi. Da aka ɗora samfurin haƙoran sama, sai ga gefen dama ya sauko da kusan milimita 3. A fuskarsa kuwa, da ya ciji katakon danne harshe aka gwada da layin idanunsa, karkatar ba ta kai rabin haka ba. Ba kunne ba ne, ba madogarin karan hanci ba ne. Gaɓar da ke riƙe cokalin cizo ce, wato ƙarfen da mara lafiya yake ciza, a ɗora samfurin sama a kansa daga baya. Noti ɗaya ne yake ɗaure mahaɗa uku, tsakaninsu wata 'yar roba mai santsi, to da nauyin samfurin ya hau cokalin sai ya sulluɓe a hankali, ido bai gani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk farantin cizo na saita muƙamuƙi a tiyata da aka gina a kan irin wannan ɗorin, karkatar ƙarya za a je a gyara, a bar mutum da ta gaske.

Akwai dabara. A ja layi da alƙalamin maka a ƙetare kowace mahaɗa tun baka yana fuska, in ta motsa layin zai rabu. A tokare ƙasan cokalin kafin samfuri ya taɓa shi. A zuba filasta kashi biyu, na farko ya bar ratar yatsa, na biyu ya cike, kuma mai ƙarancin kumburi, don filastan gama-gari yana ɗaga sandar gaba in ya bushe. Kaki a kan cokali kuma, a zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40, a manta da shi, kafin a kai ɗakin aiki ya saki. Silikon na cizo ya fi, kuma a yi shi siriri, tunda bakan kunne kintatar sandar juyawar muƙamuƙi yake yi, kaurin cizo kuwa ƙara kuskuren yake.

Da wannan na ce to, za a iya lallaɓawa. Sai maganar faranta ta taso, waɗanda ake manna samfuri a kansu da filasta don ya kama jikin na'urar. Huɗu kacal suka zo a kwali, masu maganaɗisu, ba su dace da na kowace na'ura a kasuwa ba, dillalin kuma kullum "suna hanya, ranka ya daɗe". Mai gyaran jeren haƙori yana ajiye samfuri shekara biyu ko fiye, faranti huɗu mutum biyu ne kawai. Dole ake fasa tsohon ɗori don a yi sabo. Nan na janye yabon.

Wanda aikinsa waya ce ta yau da kullum, samfurin hannu da hotuna sun ishe shi. Mai aikin tiyata ko robar cizo ta ciwon gaɓa ya sayi baka da na'ura na gida ɗaya, don samfuran na'urar irin su Hanau, Whip Mix, SAM da Artex kowanne da nasa madaurin. Kafin ya biya ya ɗaure gaɓar, ya ɗora samfuri a kan cokalin ya ga ko za ta riƙe, ya kuma karɓi faranta aƙalla ashirin a hannu.