Shekara Guda Ina Kasuwanci da WhatsApp Business da Tallan Facebook

Zanen gado da labule nake sayarwa, kuma na daɗe kasuwata ba ta wuce waɗanda suka san ni ido da ido ba. Ƙanwata ce ta matsa min. Duk ranar da ta gan ni ina lalube cikin hotunan waya ina neman zanen da wata ta tambaya, sai ta ce, "Yaya, wannan wahalar fa tuni aka yi mata magani." Ita ta sauke min WhatsApp Business, ta haɗa shi da shafina na Facebook da na Instagram. Yau shekara guda ke nan da 'yan makonni.

Manhajar kyauta ce. Ta fito a watan Janairun 2018 a wayoyin Android, ta iso iPhone a 2019. Duk wanda ya iya WhatsApp ɗin da aka saba ba zai sha wuya ba, don kamanninsu ɗaya, sai 'yan ƙarin abubuwa na masu sana'a.

Cikinsu wanda ya fi yi min rana shi ne kundin kaya, wanda aka ƙara a ƙarshen 2019. Yana ɗaukar kaya har 500, kowanne da hotonsa da bayaninsa da farashinsa. A da, idan mace ta ce in nuna mata abin da nake da shi, hotuna nake zuba mata har wayarta ta cika, datarta ta ƙare, ta gaji ta goge su duka. Yanzu mahaɗi ɗaya nake turawa, ta shiga ta zaɓa a nutse. Abin da na koya da tsada shi ne launi. Na taɓa gyara hoton wani zane don ya ƙara haske, da ya isa hannun mai saye sai ta ce ba shi ta gani ba, kuma da gaskiyarta. Tun daga ranar a bakin taga nake ɗaukar hoto da hantsi, ba na ƙara masa komai.

Akwai kuma ajiyayyun amsoshi. Tambayoyin kasuwata ba su da yawa, maimaita su ake yi: nawa ne, wane girman gado yake ci, yana zuba idan an wanke, kuna kai wa har gida? Na rubuta amsar kowacce sau ɗaya, idan na danna alamar / sai su fito in zaɓa. Da alamomi masu launi da ake liƙa wa kowace hira, nawa huɗu ne: mai tambaya, ta biya, an aika, akwai ciko. Su suka raba ni da littafin da nake rubuta sunaye, wanda rabin lokaci ban san inda na ajiye shi ba. Saƙon maraba da ke tafiya da kansa kuwa sai da na rage shi zuwa layi biyu. Mutane na gane maganar na'ura, kuma doguwar gaisuwar da ba mutum a bayanta tana sanyaya musu gwiwa.

Inda na fi ɓata lokaci kafin in gane shi ne jerin da ake aika saƙo ga mutane da yawa lokaci ɗaya. Jeri ɗaya yana ɗaukar lamba 256. Na cika shi taf, na tura sanarwar sabon kaya, na zauna jiran amsa, shiru. Ashe saƙon ba ya isa sai ga wanda ya adana lambarki a wayarsa. Haka ma sitatus, mai ɓacewa bayan awa 24: sai kin adana lambar mutum, shi ma ya adana taki, sannan zai gani. Da farko haushi abin ya ba ni, daga baya na ga hikimarsa, don ni ma ba na son wanda ban sani ba ya dame ni da talla. Wannan ya sauya min lissafi gaba ɗaya. Na daina ƙirga mabiya, na koma ƙirga waɗanda suka adana lambata. Duk wadda ta saya, kafin mu yi sallama sai na ce, "Don Allah ki adana lambar nan, a sitatus nake fara sa sabon kaya." Mafi yawan cinikina na yanzu daga can yake zuwa, daga mutanen da suka taɓa saye suka ji daɗi.

Sai tallan da ake biya. Kamfanin Facebook ya sayi Instagram a 2012, ya sayi WhatsApp a 2014, ya koma suna Meta a 2021. Shi ya sa talla ɗaya za ta iya fitowa a Facebook da Instagram, wanda ya danna ta kuma ya faɗo kai tsaye cikin hirar WhatsApp ɗinki. Karon farko, maɓallin biyan talla da ke ƙasan hoton da na sa a shafina kawai na danna, na bar tallar a buɗe ga kowa, na zaɓi a samo min masu nuna sha'awa. Aka kuwa samo su. Alamar so ta yi ta zuba, ana ta rubuta "ya yi kyau", ni kuma ina ta murna. Mako ya ƙare ko matashin kai ban sayar ba. Laifina ne, abin da na roƙa shi aka ba ni. Tsarin tallar gwanjo ne, wato masu talla na takarar samun gurbi, kuma yana kai tallar ga waɗanda suka fi yiwuwa su aikata abin da kika zaɓa. Na nemi masu yabo, na samu taron yuyuyu.

A karo na biyu na zaɓi saƙonni, na taƙaita tallar ga yankin da zan iya kai kaya, na sa gajeren bidiyo na hannuna yana shafa zanen maimakon hoto. Na kuma daina taɓa ta kullum, bayan na karanta cewa tsarin na buƙatar sakamako kusan 50 kafin ya gama koyon waɗanda suka dace, kuma babban gyara na mayar da shi farko. Masu yabo suka ragu, masu tambaya suka ƙaru, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Amma kada a ɗauka duk mai tambaya mai saye ce. Da yawa "nawa ne" kawai za su ce su ɓace, kuma wadda aka bari tana jira awa uku ta riga ta saya a wani wuri.

Kuɗin da na fi jin takaicinsa ba na talla ba ne. Wani ne ya yi min tayin mabiya, na biya, adadin ya kumbura cikin kwana biyu. Ba mai magana, ba mai tambaya, yawancinsu ko hoto ba su da shi. Watanni na yi ina cire su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ba a faɗa wa mutum shi ne lokacin da harkar ke ci. Tsakar dare saƙo na shigowa, kuma zuciya ba ta bari a ƙyale. Sai da na saita saƙon da ke sanar da cewa mun rufe sai da safe, na kuma haɗa lambar da kwamfutar ƙanwata, tunda an yarda a haɗa na'urori har 4, ta riƙa amsawa idan na fita kai kaya.

Yanzu ba na biyan talla sai sabon kaya ya sauka, mako ɗaya in tsayar. Ranar da ta ƙare ba na duba yawan waɗanda suka gani. Alamar "ta biya" nake buɗewa in ƙirga, in cire kuɗin tallar daga ribar, sannan in yanke ko zan sake a wata mai zuwa.