Littafin gaisuwar Turanci da na saya wa yaron shagona ya kore min kwastoma

A Malabo, a ƙasar Equatorial Guinea, nake da shago, wayoyi da kayan waya nake saidawa. Yaron shagona ɗan garin Bata ne na ƙasar nan, Sifaniyanci da yaren Fang kawai yake ji, ko Pichi, wato Turancin buroka ɗin da 'yan garin nan ke yi bai iya ba, ga Turawan kamfanonin mai suna shigowa kullum. Shi ya sa na sayo masa ɗan littafin nan mai jan bango na koyon gaisuwar Turanci don masu jin Sifaniyanci.

Da farko wallahi na yaba. Kowace kalma sun rubuta ta yadda bakinsu zai iya faɗa, "hello" suka sa "jelou", tunda su harafin h ba sa furta shi, j ce ke ba da sautin da ya fi kusa da shi. Cikin sati guda yaro ya kama, har na yi wa maƙwabcina tallan littafin.

To ranar wata Alhamis na je sallar magariba, wani Bature da ya ce min zai dawo ya ɗauki waya uku na ma'aikatansa ya shigo, yaro ya miƙe da fara'arsa ya ce masa "good night sir", mutumin ya duba agogo ya ba da haƙuri ya juya, a zatonsa rufewa ake. Ina dawowa na hango shi yana fitowa daga shagon tsallaken titi da leda a hannu!

Na ɗauko littafin na duba, ashe haka suka rubuta, "buenas noches" daidai da "good night", shi ke nan ba ƙarin bayani. Su a wajensu da ita ake shiga da ita ake fita, a Turanci kuwa "good night" sallama ce, tamkar baƙo ya shigo maka ka tare shi da sai da safe. "Good evening" ɗin da ya kamata ya faɗa can suka cusa ta ƙarƙashin "buenas tardes" tare da "good afternoon", ya za a yi ya gane? Daren nan ko abinci bai ci ba, yana tsoron zan kore shi, sai da na ce haba ƙanena, abin da aka rubuta maka ka faɗa, ba laifinka.

Tun daga nan nake ta ganin wasu kurakuran. Rabin shafi suka ɓata kan "how do you do", wadda har yau ban ji wani kwastoma ya faɗa ba, amma da yaro ya tambaye ni ina "usted" ɗin Turanci don girmama manya, littafin "you" kawai ya sa wa "tú" da "usted" duka, ba su ko ce a haɗa da "sir" da "please" ba.

Yana dai ci gaba da karantawa saboda wajen furucin nan, amma na sa jan biro na soke layin na rubuta masa daidai, na maƙwabcina ma na je na gyara masa.