Na saurari wasan Sarki Odifus a waya, ga yadda na same shi

Wasan kwaikwayon Sarki Odifus na marubucin Girka Sofokilis, wanda aka fara nunawa a birnin Atina na ƙasar Girka wajen shekara ta 429 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yanzu ana samunsa a manhajojin littattafan sauraro. Na sauke wanda aka naɗa da Turanci, kowane ɗan wasa da muryarsa, bai kai awa biyu ba. Ya cancanci datar da na kashe, duk da akwai inda ya gaza.

Wanda ya karanta The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi a sakandare ya san ƙashin labarin, domin daga nan Rotimi ya ɗauko shi ya mayar ƙasar Yarbawa. An yi wa Sarki Layus na Tibis duba cewa ɗansa ne zai kashe shi, sai aka jefar da jaririn. Yaron, wato Odifus, ya girma a Korinti, ya ji a wurin bokayen Delfi cewa zai kashe ubansa ya auri uwarsa, ya bar gari don kada hakan ta faru, ya nufi Tibis, garin iyayensa na ainihi. An gudu ba a tsira ba: a hanya ya kashe Layus bai san shi ba, ya auri matarsa, ya zama sarkin Tibis.

Abin da sauraro ya nuna mini, wanda karatu bai taɓa fito mini da shi sosai ba, shi ne duk wannan ya riga ya faru kafin a buɗe wasan. Ba a nuna kisan, ba a nuna auren. Abin da ake ji kawai shi ne mutum mai kaifin basira yana binciken laifin da shi ya aikata. Mai muryar Odifus ya gane haka. Da ya zo inda sarki yake tsine wa wanda ya kashe Layus, yana alkawarin zai bi masa haƙƙi kamar mahaifinsa ne, bai sa rawar murya ko wata alama ba. Ya faɗe ta da gaskiyar zuciya, irin ta shugaban da annoba ke cinye talakawansa. Kai mai sauraro ka san maganar harshen damo ce, shi bai sani ba, kuma tsigar jikina ta tashi a wurin.

Haka wurin Jokasta, matar Odifus kuma mahaifiyarsa. Tana son kwantar masa da hankali, ta ce duba ƙarya ne, ai 'yan fashi ne suka kashe Layus a mahaɗar hanyoyi uku. Wannan mahaɗar ce ta fara tayar masa da hankali, domin a irin wurin ya taɓa kashe wani dattijo. Manzon Korinti ma alheri ya nufa da ya ce masa Folibus, sarkin Korinti da ya raine shi, ba mahaifinsa ba ne. Duk wanda ya zo da lallashi sai ya ƙara tona asiri. Tiresiyas, makahon boka, ya roƙe shi ya bar maganar, matarsa ta roƙe shi, tsohon makiyayin da aka ba shi jaririn ya jefar ya roƙe shi, ya ƙi. Shi ya sa ban yarda da masu cewa Odifus ɗan tsana ne a hannun ƙaddara ba. Da kansa ya ce Afollo, ɗaya daga cikin allolin Girkawa, shi ya kawo masa masifar, amma hannun da ya tsokale idanunsa nasa ne. Allolin nan dai na maguzancin Girkawa ne, ba su da alaƙa da ƙaddarar da muka yi imani da ita, amma tausayin mutumin ya kama ni ƙwarai.

Inda aikin ya yi rauni shi ne 'yan amshi. A dandalin Atina mutum 15 ne suke rera baitocin nan suna rawa. A nan an haɗa muryoyi da yawa suna karantawa tare, wani na gaba wani na baya, kalmomin suna cakuɗewa. Waƙar da suke yi bayan asiri ya tonu, kan yadda jin daɗin ɗan Adam ba ya ɗorewa, sai da na nemo rubutun kafin na fahimce ta. Ƙarfin sautin ma bai daidaita ba, muryar makiyayin ta yi ƙasa sosai, ga shi kuwa a bakinsa gaskiyar ƙarshe take.

Wanda zai saurara ya sa abin kunne, ya nemi wuri mara hayaniya, ya ajiye rubutun wasan kusa saboda 'yan amshin. Kuma ya saurare shi a zama ɗaya, domin daga zuwan manzon Korinti babu inda za a iya tsayawa.