Belet ɗin ƙwallon filag da na siyo wa ƙanina a Yaba

Ƙanina da ke karatu a UNILAG ya dame ni sai na siyo masa kayan wasan nan na ƙwallon Amurka da suke cewa filag, wanda ba a kokawa ba a ka da mutum, ƙyalle biyu ne a ƙugu, in an fizge ɗaya shikenan ka tsaya. Biyar-biyar suke bugawa. Ni da farko na ɗauka shirme ne wallahi, sai da ya nuna min ashe NAFA, wato ƙungiyar ƙwallon Amurka ta ƙasa, ce ke kula da wasan a Najeriya, kuma za a buga shi a Olamfik na 2028 a Los Angeles, yaranmu ma maza da mata sun ciyo kofin Afirka a Alƙahira a 2025.

To na taso daga Agege cikin go-sulo har wani shagon kayan wasanni a Yaba, mai shagon bai ma san sunan abin ba sai da na nuna masa hoto a waya. Ƙwallon dai ba laifi, tana kama hannu ko da gumi. Belet ɗin ne matsala, irin mai mannewa ne, sati biyu yashi ya cika shi ya daina kamawa, yaro na gudu ƙyallen na faɗuwa da kansa ba wanda ya taɓa shi, ai kuwa rigima ta kaure a fili. Ya kira ni yana "Yaya wannan fa jabu ne". Na koma shagon suka ce ba a canji. In za ku siya ku nemi mai soket da ke yin ƙara in an fizge, ya ɗan fi tsada.