Fentin masu zane ko na sana'ar hannu: wanne ya dace da 'yan sojojin tebur?

Ɗan'uwa, ka ce ka sayi akwatin 'yan mutum-mutumin wasan tebur, irin masu tsayin milimita 28 zuwa 32, sai ka tarar fentin da aka yi musamman dominsu kwalabensa ƙanana ne, ga tsada. Shi ne kake tambaya ko fentin akirilik na masu zane, ko kuma na sana'ar hannu mai araha, zai iya tsaya maka a madadinsa. Na daɗe ina aiki da dukansu biyun, kuma a kan jikin ɗan soja ba ɗaya suke ba ko kusa.

Kowane fentin akirilik abu uku ne a haɗe: garin launi, da ruwan gam na roba mai riƙe garin, da ruwa. In ruwan ya bushe sai gam ɗin ya haɗe ya zama siririyar fata, garin na ciki. Bambancin yana wajen yawan garin da kuma abin da aka ƙara masa. Fentin sana'ar hannu, irin su Apple Barrel da FolkArt da Americana masu zuwa a kwalbar mililita 59, an yi shi ne don katako da kwali da tukunyar fure, wato wurare masu faɗi da ake kallo daga nesa. Don ya yi araha sai a rage garin launi, a cike gurbin da farin gari mai kama da alli. Na masu zane kuwa, irin su Golden da Liquitex da Winsor & Newton, garinsa mai yawa ne, an niƙa shi lukui, cikon kuma kaɗan ne ko ma babu.

A jikin allo wannan bambancin bai cika damun kowa ba. A jikin ɗan soja shi ne komai. Fuskarsa ba ta fi kan ashana ba, amma a cikinta akwai ido da hanci da leɓe. Ga zoben sulke, ga maɓallin ɗamara, ga ninkin riga, duk wanda ya sassaƙa ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka dole ka tsinka fenti da ruwa har ya yi kusa da madara kafin ka shafa, in ba haka ba ka binne aikin mutumin.

To a nan ne hanyar ta rabu. In ka tsinka fentin sana'ar hannu, ɗan garin da ke ciki sai ya watse. Ka shafa, ya bushe, ka ga dabbare-dabbare, ƙasan na leƙowa. Ka sake shafawa, ka sake. Kowane shafi kuwa yana barin nasa allin a cikin ramuka. Na taɓa zama da wani jarumi mai jar alkyabba da rigar sulke, ina shafa wani ja mai araha a kan baƙar shimfiɗa, wato fentin farko da ake yi wa ɗan soja don sauran fenti ya kama jikinsa. Sai a shafi na shida jan ya rufe. Da na ɗaga shi kusa da fitila, ninkin alkyabbar ya daskare kamar an zuba masa kakin kyandir, inda fentin ya gangara kan sulken kuma zoben sun cike sun zama sumul. Launin ma ba ja ba ne sosai, ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa ƙura. Abin ya yi mini ciwo, don sassaƙar mai kyau ce ƙwarai. Sai da na jiƙa shi na wanke fentin gaba ɗaya na sake daga farko.

Fentin masu zane matsalarsa akasin haka ce. Yana fitowa daga bututu da kauri kamar man goge baki, amma ɗan abin da ka lakato da bakin tsinke, in ka tsinka shi, launin na nan da ƙarfinsa. Kauri ruwa ne maganinsa. Ƙarancin garin launi kuwa babu abin da za ka zuba ya gyara shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa a jikin ɗan soja na fi yarda da na masu zane nesa ba kusa ba.

Sai dai kada ka ɗauka daga saye sai shafawa. Yana da halayensa da sai ka koya.

Na farko, zaɓi mai ruwa-ruwa. Wanda aka rubuta wa Heavy Body an yi shi ne musamman don ya riƙe sawun burushi a kan zane, abin da kai kuma ba ka so. Yana yin aiki, amma sai ka yi haƙurin dama shi sosai a kan faranti har gudajin su mutu. Soft Body na Liquitex ko Fluid na Golden sun fi sauƙi, ɗigon ruwa ɗaya ko biyu ya ishe su. High Flow kuma kamar tawada yake, ya dace da shafin da ake son a ga na ƙasa ta cikinsa, da kuma injin feshi. Akwai kuma ajin ɗalibai, kamar Liquitex Basics da Galeria, waɗanda suke tsakiya: sun fi na sana'ar hannu, ba su kai na ƙwararru ba.

Sannan ka sani ba kowane launi ne yake rufe abin da ke ƙasa ba, kuma wannan ba aibi ba ne, halin garin ne. Shuɗin da lambarsa PB15 da jan nan mai ɗaukar shunayya PR122 garai-garai suke, kamar gilashi mai launi. In ka shafa su kan baƙi ba za ka ga komai ba, amma a kan fari sai su yi haske irin wanda ba na jin fentin araha zai taɓa ba ka. Farin PW6 da baƙin PBk11 da rawayar ƙasa PY42 su kuma masu rufewa ne. Abin da nake ƙauna a fentin masu zane ke nan: yana faɗa maka gaskiyar abin da ke cikinsa. Lambar garin na jikin bututu, ga 'yar alamar murabba'i da ke nuna ko yana rufewa ko ba ya rufewa. Golden ma har shafa ainihin fentin suke yi a kan baƙaƙen layuka a jikin kwalba don ka gani da idonka. In lamba ɗaya ce a rubuce, gari ɗaya ne a ciki, kuma in ka gauraya irin waɗannan guda biyu za ka sami launi tsaf. Kwalbar sana'ar hannu yawanci suna kawai za ka gani. A ciki akwai gari biyu ko uku da fari, shi ya sa in ka haɗa ja da shuɗi kana neman shunayya sai ka tashi da ruwan taɓo.

Akwai kuma sheƙi. Fentin masu zane yakan bushe da ɗan ƙyalli, wani launin ya fi wani, sai ka ga rigar ulu tana walƙiya kamar leda. Maganin shi ne ka riƙa tsinka shi da ruwan gam na akirilik marar sheƙi haɗe da ruwa, a ƙarshe kuma ka bi aikin duka da ruwan kariya marar ƙyalli. Ruwan gam ɗin yana da wani amfanin: ruwa zalla in ya yi yawa yakan raunana riƙon fentin, ya riƙa taruwa ɗigo-ɗigo maimakon ya kwanta.

Wata magana da ba na so in wuce ta: da yawa daga cikinmu mun saba gyara bakin burushi da leɓe. In za ka koma fentin masu zane, ka bar wannan ɗabi'ar. Wasu ja da rawaya na kadmiyam ne, wasu shuɗi na kobal, wato ƙarafa masu cutarwa, ba abin kaiwa baki ba ne, kuma na kadmiyam ba a fesa shi. In ka ga an rubuta hue bayan sunan launin, kwaikwayonsa aka yi da wani garin daban, kuma ga aikinmu ya wadatar.

Duk da abin da na faɗa, kwalaben sana'ar hannu ba sa yankewa a teburina, don akwai fagen da babu mai kama su. Shi ne kayan filin daga da ake jerawa a kan tebur: duwatsu, katanga, kangon gini, gada, ƙasan da ɗan soja ke tsaye a kai. A nan faɗi ake nema, kuma wannan bushewar tasa mai kama da alli ita ce ainihin kamar dutse da ƙasa. Baƙi da toka-toka da ruwan ƙasa nasa suna rufewa da kyau, ja da rawaya da fari ne masu wahalarwa. Ya kuma dace da busasshen burushi: ka lakato, ka goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, ka riƙa share gefen dutse, nan take tsagogin su fito. In da soso mai tauri ka gina tudunka, irin wanda ake tallafe kaya da shi a cikin kwali, fentin gwangwani na feshi zai narkar da shi, don haka ka fara shafe shi da baƙin fentin sana'ar hannu haɗe da farin gam, ya bushe ya zama ɓawo. Zuba fentin masu zane a kan katanga mai tsawon kamu biyu asara ce kawai.

Wajen juriya ma akwai bambanci, tunda waɗannan 'yan sojoji ba na ajiya ba ne, hannu ne ke ɗaukarsu duk wasa. Na sana'ar hannu ya fi saurin gogewa a bakin takobi da gwiwar hannu da ƙoƙon kai. Amma kowanne ka ɗauka, in babu fentin shimfiɗa a ƙasa zai ɓare. 'Yan sojojin ƙarfe da na rezin, wato wata irin roba mai tauri, ka fara wanke su da sabulu da tsohon burushin haƙori, saboda maiƙon da ke rage musu daga wurin zubi.

Fentin da aka yi don 'yan sojojin kuwa, kamar Citadel mai mililita 12 ko Vallejo mai 17 zuwa 18, abin da kake biya shi ne an riga an daidaita maka kauri, yana bushewa ba ƙyalli, launukan kuma a shirye suke. In kana son sojoji 40 su fito da kore iri ɗaya bana da baɗi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, don mai haɗa launi da kansa sai ya rubuta ma'auninsa. Ni har yanzu a wurinsu nake sayen launin azurfa da zinariya. Na sana'ar hannu ƙyalƙyalinsa manya ne, a kan takobi mai tsawon farce sai ya zama kamar an watsa masa yashi mai walƙiya.

Da ni ne kai, zan fara da ƙananan kwalabe bakwai masu ruwa-ruwa na masu zane: fari, baƙi, shuɗin PB15, jan PR122, rawaya mai haske, rawayar ƙasa, da ruwan ƙasa mai duhu PBr7, tare da kwalbar ruwan gam marar sheƙi. In ƙara azurfa ɗaya da launin fata ɗaya daga na 'yan sojoji, sai manyan kwalaben baƙi da toka-toka da ruwan ƙasa na sana'ar hannu don filin daga.

In kuma akwai wasu kwalaben a hannunka yanzu, gwada su kafin su taɓa jarumin da kake ji da shi. Samo cokalin roba, ka yi masa farar shimfiɗa, ka ja baƙin layi a bayansa. Tsinka fentin kamar yadda za ka yi aiki da shi, ka ƙirga shafi nawa ya ɗauka kafin layin ya ɓace. Wanda ya rufe a biyu ko uku ya cancanci fuska da sulke. Wanda ya wuce huɗu ka tura shi wajen duwatsu, sai dai in garinsa irin mai garai-garai ne, wanda dama a kan fari ake shafa shi. Bar cokalin ya kwana, washegari ka murza shi da babban yatsa sau goma ka duba ko launi ya biyo hannunka.