Gargaɗi ga direbobi: ana sayar da tsohon boris ɗin taya a cikin sabon kwali

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu ƙananan motoci, musamman masu jigilar kasuwannin ƙauye, Alhamis Maigatari, Juma'a Wudil, Lahadi Dambatta. Akwai cuta da ta yi yawa a harkar canjin boris ɗin taya, kuma tana tafiya ne saboda da zarar boris ya shiga cikin hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kanta, mai mota ba ya sake ganinsa.

Ana tattara borisan da aka cire daga wasu motoci, a ɓamɓare robar gefe, a wanke da fetur, a cusa giris, a goge bayan da sanfefa har ya yi ƙyalli, sannan a saka a kwali mai sunan kamfanin Koyo ko SKF ko NSK. Mai sayarwa zai juya maka shi da yatsa, ya yi ta gudu, ya ce ka ga lafiyarsa. Wannan gudun shi ne shaidar ya tsufa. Sabon boris rufaffe yana da ɗan tauri, yana juyawa sumul ba ƙara, kana sakinsa ya tsaya. Ka shinshina, in ka ji fetur ka ajiye. Ka duba robar gefe ko akwai tabon sukundireba, ka duba bayan ƙarfen ko akwai zanen shiga da fita. Lambar da ke jikin ƙarfen ta zo daidai da ta kwali, girman kuma ya dace da motarka: na gaban Golf 3 yawanci 40x72x37 ne, na gaban Corolla ta 2003 zuwa 2008 kuma 40x74x42.

Kafin ma a kai ga saye, ka tabbatar boris ɗin ne. Gurnaninsa yana ƙaruwa da gudun mota, ko ka taka totur ko ka saki. A kan titi mai kyau da ba cunkoso, ka ɗan karkata hagu. In ƙarar ta ƙaru, galibi na dama ne, don nauyi can ya koma. A ɗaga motar da jak, a kama tayar sama da ƙasa a girgiza, sannan a juya ta hannu na kan sifirin, za a ji kakkarwa. Tayar da ta cinye gefe ɗaya ma tana irin wannan gurnani. A mayar da ta gaba baya, in ƙarar ta bi ta, ba ruwan boris. Mutane da yawa sun biya kuɗin boris a kan laifin taya.

Wajen lissafi nan ake ƙwarar mutum. Kuɗin kashi uku ne: na boris, na matsawa a inji, da na aikin bakanike. Kada ka yarda a dunƙule maka su, kowanne a faɗi nasa. Ka kira shaguna biyu ko uku a kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ka ji farashin ranar. Wanda ya zo da rabin haka, araha ba ta ado. Ba dole ba ne kuma a canja hagu da dama tare in ɗaya ne ya lalace. Wasu za su karɓi kuɗin biyu su canja ɗaya, don haka ka riƙe kwalin, a buɗe a gabanka, a kuma miƙo maka tsohon da aka cire.

Ko boris na gaske ne, guduma tana kashe shi. Inda babu injin matsawa sai a yi ta duka, ƙwallayen ciki su lotsa hanyarsu, ƙarar ta dawo ba da jimawa ba, a ce maka laifin hanya ne. Gara a kwance ƙafar da boris ɗin ke ciki a aika da ita gari a matsa. In boris ɗin mai maganaɗisun ABS ne (na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki) a gefe ɗaya, wannan gefen ya fuskanci sensa, in ba haka ba fitilar ABS za ta kama. Notin shaf a sa sabo, a ɗaure shi da ƙarfin da kamfani ya ƙayyade. Na bayan Golf 3 kuwa biyu ne masu buɗewa, ana cika su da giris, ba a ɗaure su tamau, kuma kada a manta da fil ɗin da ke riƙe notin.

Bayan aiki ka yi tafiyar kilomita 10, ka tsaya ka kai hannu kusa da tsakiyar wil ɗin. In ya fi na ɗaya gefen zafi sosai, kada ka ɗauki fasinja, ka koma a kwance a duba, don boris da ya ƙone yana iya ƙamewa ko ya saki taya ana tsakiyar gudu.